Takardar Da Na Sa Wa Leda

Ni na fara gani. Ku riƙe wannan da kyau, don nan gaba kowa zai ce shi ne. Kafin rediyo ta faɗa, kafin masu manyan wayoyi su fara tura wa juna hotuna, kafin ɗana na fari mai aikin ofis ya ji ko ƙishin-ƙishin, ni mai facin bakin titi, wanda bai taɓa zama a aji ba, na riga na san za a kwashe mutane. Ba mafarki na yi ba. A bakin aikina na gani.

Ranar Litinin da hantsi ina rumfata ina kankare wani tsohon tib na taya, sai ga manyan motoci shida sun jeru a gabana, da sababbin tayoyi masu faɗi, kowace da safaya huɗu a ɗaure. Direban ta gaba ya sauko yana share wuya da tawul.

"Baba, a duba mana bawul. Sannan in tambaye ka. In mutum zai sauka daga kwalta ya shiga yashi da kaya mai nauyi, iska nawa zai bari?"

"Wane irin kaya? Buhu ko dabba?"

Ya kau da kai. "Kaya dai."

"Ɗan nan, buhu zaune yake wuri ɗaya, dabba kuwa jirga mota take yi gefe. Ba iska ɗaya ake bar musu ba."

"To ka ɗauka mai motsi ne."

Na zaga bayan motar kamar zan duba tayar baya. An yi wa bodin keji da ragar ƙarfe, waldar ko fenti ba a shafa mata ba. Durom biyu na ruwa a ɗaure ta ciki. A kusurwa kuma bokiti ɗaya mai murfi, an ɗaure shi da waya. Ba a ajiye wa shanu bokiti mai murfi.

Na san bokitin nan, shi ne bayan gidan mutanen da aka loda. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da aka ɗora ni a irin wannan motar, mu sittin, aka je aka zubar da mu a bakin iyaka. Ƙasar nan ta ce mu ba nata ba ne. Muka taka zuwa shingen waccan ƙasar, su ma suka ɗaga mana bindiga suka ce mu koma inda muka fito. Kwana goma sha tara muna kai da kawo tsakanin shinge biyu, babu inuwa sai ta junanmu. Mu sittin muka sauka, mu talatin da takwas muka fita, ni kuma na fita ina goye da wani. Na dawo, aka sake korata, na sake dawowa, har suka gaji suka ba ni kati. Saboda haka in ana maganar kora, mai digiri ma sai ya yi shiru ya saurare ni.

Tun kafin azahar na rufe rumfa na nufi gida. Ba don kaina ba, ni katina lafiya lau. Don Mai Fanka.

Shi ne manemin Autata. Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci. Malamin makaranta ne a ƙasarsu kafin yaƙi ya ci garinsu. Ya tsallaka wata ƙasa, suka saurare shi suka ba shi takarda, bayan shekara biyu aka rufe sansaninsu. Ya shigo nan, aka ce waccan takardar ba ta aiki a wannan gefen, ya fara daga farko. Yanzu gyaran fanka yake yi a wani ɗan shago a layin baƙi. Auta ta kai masa fankar ɗakinta mai kukan akuya. Tun ranar farko fankar ta gyaru, amma sai da aka koma da ita sau huɗu.

Auta shekararta ashirin da shida, a kantin magani take aiki, kuma taurin kaina kaf ta kwashe. Yayanta kuwa, wannan ɗan ofis ɗin, ko sunan yaron ba ya son ji.

"Baba, mutumin da duk ƙasarsa takarda ce guda ɗaya, ita ma mai ƙarewa duk wata uku? A ina za ta zauna, a cikin fayil?"

Tsohuwata, uwar yaran nan, tana tsakiya. Da safe tana bayan ɗanta, da yamma in Mai Fanka ya durƙusa ya gaishe ta sai ta sauya sheƙa.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa a gaban mutane ba.

Sati biyu kafin zuwan motocin, na ce wa yaron ya kawo mini takardarsa in yi bincike irin na uba. Ya zaro ta daga tsakiyar wani littafi ya miƙo mini da hannu biyu. Wayyo takarda! Ta sha ninki har ta fara rabuwa a tsakiya, gefenta ya yi baƙi da gumi. Raina ya ɓaci. Ni takardata ta farko a aljihu ta narke. Na isa shinge na zura hannu, sai na ciro wani abu kamar auduga jiƙaƙƙiya, sojan ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar na rantse duk takardar da ta shigo gidana sai an sa mata leda an bi ta da injin zafi. Katina, takardar haihuwar yara, har hoton aurenmu da tsohuwa, komai ƙyalli yake yi.

Na wuce shagon mai hoto. Ya juya takardar ya dubi bayanta.

"Baba, ka tabbata? Nan baya akwai..."

"Kai ka fi ni sanin takarda? Lokacin da takarda ke kashe mutane ana goyonka. Sa mata mai kaurin."

Ya sa mata. Ta fito da zafinta, tsaf, ko a kogi ka jefa ta ba abin da zai same ta. Washegari na miƙa wa Mai Fanka ina jiran yabo. Ya karɓa, ya juya bayanta, ya daɗe yana kallo.

"Na gode, Baba," ya ce. "Allah ya saka da alheri."

Ni kuwa na ɗauka daɗi ne ya hana shi magana.

To, mu dawo ranar Litinin. Na shiga gida na tarar da tsohuwa tana ninke wanki a falo. Auta ta dawo cin abincin rana, farar rigar aikinta rataye a bayan kujera, gyalenta ruwan toka a kafaɗa, ido a kan waya tana murmushin da na san ba da mu take yi ba. Na faɗa musu abin da na gani.

"Malam, kai kam," tsohuwa ta ce. "Bara ma ka ga jirgi ya yi ƙasa-ƙasa ka ce yaƙi ne."

"Bokiti fa na gani, da murfi!"

"Baba, takardarsa sai Laraba za ta ƙare," Auta ta ce, "kuma a ranar zai je a buga masa sabon hatimi. Kullum haka yake yi. Kwantar da hankalinka."

Na bi layi ina gaya wa mutane. Mai shayi ya ce tsufa ne. Mai aski ya ce in rage sauraron labarai. Ranar Talata motocin suka zama goma sha biyu.

Laraba bayan la'asar ina alwala a tsakar gida na ji Auta ta yi salati a ɗaki. Ta fito babu ɗankwali, wayar a hannunta.

"Baba, wace leda?"

"Wace leda kuma?"

Ta karanta mini, don ta san ni da rubutu sai kallo. Ya rubuto mata: *Sun ƙi. Sun ce a bayan takardar ake buga hatimi, kuma ba ya kama leda. Wai na ɓata takardar hukuma. In dawo bayan sati uku a buɗe sabon fayil.* Ita ta rubuta: *Wace leda?* Shi kuma: *Bar maganar. Kada ki gaya wa Baba, da kyakkyawar niyya ya yi.*

Butar ta suɓuce daga hannuna. Ashe waɗannan ƙananan akwatuna da na gani a bayan takardar, da na ɗauka ado ne, gurbin hatimi ne. Ashe har an rubuta a ƙasa cewa kada a rufe ta da komai. Yaron ya gani tun ranar, kunyar suruki ta ɗaure masa baki.

"Baba, me ya sa ba ka nuna mini ba? Ina cikin gidan nan! Minti ɗaya zan karanta maka!"

Na sunkuya na ɗauki butar. Tsohuwa ta jingina da ƙofar kicin tana kallona.

"Kira shi," na ce. "Ya rufe shago ya taho nan. Ga ɗakin yayanki babu kowa."

Ta sa a lasifika. Muryarsa a sanyaye.

"Baba, in kwana gidan surukai tun ba a ba ni ba? Mutane za su yi da Auta."

"Ka bar mutane da ni. Taho yanzu."

"Akwai fankoki bakwai na mutane a hannuna. In na ɓace da su za a ce baƙo ya gudu da kayan jama'a, gobe wani baƙon ne zai sha. Da safe in mayar wa kowa tasa, kafin azahar ina gidanku."

Da sassafe suka toshe layin baƙi, gaba da baya.

Ƙarfe takwas saƙon murya ya shigo wayar Auta. Hayaniya, kukan yara, ana dukan ƙofar ƙarfe. Sai muryarsa: "Sun zo. Ba sa tambayar kowa komai, layin gaba ɗaya ne. Fankar matar mai burodi tana ƙarƙashin tebur, na gama ta. Ki ce wa Baba..." Nan ya yanke. Ta kira ya fi sau ashirin. A kashe.

Na sa ta kira mini yayanta.

"Baba, ka zauna a gida don Allah. Doka ce, ba ruwanmu."

"Dokar wa? Ta wannan gefen ko ta wancan? Can sun ce ɗan gudun hijira ne, sun buga masa hatimi. Ya tako ƙafa nan, hatimin ya zama shara. Yanzu za su jefa shi can, can su jefo shi nan. Mutum ne ko ƙwallo?"

"Kowace ƙasa da tsarinta, Baba."

"Tayar da na yi wa faci a nan, ai tana tsallaka ƙasa uku ba wanda ya ce a sake mata faci a iyaka. Lasisin direba ma sun yarda da na juna. Kan mutum ne kaɗai suka kasa zama ɗaki ɗaya su ce, wanda aka saurara a wajenka an saurare shi a wajena, wannan kai ka riƙe, wancan ni in riƙe? In ma kora ce, a kira mutum shi kaɗai a ji bakinsa. Ba a share layi kamar ana share kasuwa ba."

"Baba, wannan maganar manya ce."

"Ubanka ma a irin motar aka taɓa loda shi. Da manyan sun zauna tun lokacin, da mutum ashirin da biyu suna raye."

Na miƙa wa Auta wayarta na shiga ɗaki.

Na sa tsohuwar rigata mai aljihu huɗu, da takalmin da na yanka da hannuna daga taya. Na naɗe zaren roba na tib a ƙugu. Na leƙa kicin na ƙulla gishiri a leda, na ɗauki ashana da allura. Ina juyowa na ga tsohuwa a bakin ƙofa.

"Malam, ina za ka da gishiri?"

"Dubo yaron za mu yi."

"Da gishiri ake dubo mutum?" Shekara talatin da shida tana jin labarin kwana goma sha taran nan, ta san abin da ke hana mutum faɗuwa in gumi ya ƙare masa. Idonta ya kawo ruwa. "Shekararka saba'in da huɗu. Gwiwarka ko matakalar masallaci ba ta so."

"Gwiwar nan ta fi ta ɗanki."

Ba ta yi dariya ba. Ta shiga ta fito da ƙwayoyin hawan jinina, ta zuba su a aljihuna na sama, ta danne maɓallin da kanta.

A wani tsohon filin ajiye kaya a bayan tasha aka tara su. Raga ta kewaye, rana ta take, mutane sun fi ɗari shida zaune a ƙasa, wani da kayan barci, wata da ludayi har yanzu a hannu. Motocin suna jere, an sauke matakalarsu. Auta ce ta hango shi. Ya taso ya zo jikin ragar, takalmi ƙafa ɗaya, aljihun rigarsa a yage. Ya durƙusa ya gaishe ni, a cikin wannan hali.

"Tashi," na ce. "Ni na jawo maka."

"A'a, Baba. Ko da hatimi ma ba sa dubawa."

Bai rufe baki ba wani jami'i ya ɗaga lasifika: "Masu hatimin wannan watan, ku ɗaga sama!" Hannuwa suka tashi. Daga nesa yake duba launin tawada, ko sunan mutum bai tambaya ba. Mutum goma sha ɗaya suka fita ta ƙaramar ƙofa. Na ƙirga su da idona. Ba don ledata ba, da Mai Fanka ne na goma sha biyu.

Na matsa wajen jami'in. "Ranka ya daɗe, yaron can takardarsa jiya ta ƙare, kuma laifina ne. Ni na sa mata leda. A ƙasarsu kashe shi za a yi."

"Ba ƙasarsu za mu kai shi ba, tsoho. Iyaka za mu kai su."

"Can ɗin sun san da zuwansu? Sun ce za su karɓa?"

"Wannan kuma matsalar can ce."

Kalma ɗaya bai canza ba daga abin da aka gaya mana shekara arba'in da ɗaya da suka wuce.

Na koma jikin raga. Auta ta zura yatsunta ta ramin waya, shi kuma ya tsaya daf da su bai taɓa ba, don ina wurin. Na dube shi da kyau. Yaron nan ya iya harshe uku, ya iya lissafi, ya iya naɗa wayar fanka ido rufe. Amma bai san ba a tafiya da rana tsaka ba. Bai san durom ɗin farko a mota ake shanye shi ba, na biyu kuma direba ke komawa da shi. Bai san in sojan can ya harba sama zama ake yi ba, ba gudu ba. Irinsu masu kunya su ke fara mutuwa, don sai sun ba kowa ruwa kafin su sha.

"Kai," na ce masa, "buɗe kunnenka. Na ba ka ita. Ga ta, ga ni, ga Allah. Saura ka dawo ka karɓa."

Auta ta fashe da kuka. Na zaro katina na kama hannunta na danƙa mata, tare da makullin rumfa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Riƙe mini. Kada ki ba yayanki."

"Baba! Baba, kada ka yi mini haka, in rasa biyu?"

"Da ɗaya za ki rasa. Yanzu biyu za su dawo."

Ta riƙe mini riga. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na nufi babbar ƙofa inda aka fara lodi. Mai gadin ƙofar ya tare ni da sanda.

"Tsoho, koma gida."

"Baƙo ne ni. Ba ni da takarda."

"Ka ce me?"

"Laluba aljihuna. Gishiri ne da magani."

Ya waiga wajen ogansa. Ogan yana riƙe da takardar lodi, sittin-sittin kowace mota, ga shi an sallami goma sha ɗaya, lissafi ya yi giɓi. Ko fuskata bai kalla ba. Ya yi da hannu, a wuce da shi.

Na kutsa cikin layi har na tsaya bayan Mai Fanka. Ya waigo ya gan ni.

"Baba, don girman Allah ka fita."

"Rufe mini baki. In mun hau, ka bi ni kusurwar gaba ta hagu, can rana ba ta daɗewa. Cire wannan takalmin guda ɗaya ka sa a riga, zan yi maka ɗan'uwansa."

Ta bayan raga ina jin muryar Auta tana kirana, tana kiransa, har muryar ta dishe. Ban waiga ba. In na waiga ba zan hau ba.

Na san a cikinku akwai masu karantawa suna taɓe baki, suna cewa tsohon nan cika baki ne da shi, wa zai miƙa kansa ga motar kora da ƙafarsa. To, filin yana nan bayan tasha, ragar ma ba a cire ba, kuma motocin ba su daina lodi ba. Duk mai shakka ya zo ranar lodi, ya cire katinsa ya ba 'yarsa, ya tsaya a gindin matakalar nan mai hawa huɗu yana jin kukanta a bayansa. In gwiwarsa ba ta yi rawa ba, na yarda ya kira ni maƙaryaci a gaban kowa. Tawa ta yi rawa. A hawa na uku har sai da surukina ya tallafe ni.

Amma na hau.